Alƙawarin Ƙasashe da Haƙƙin Maƙwabtaka

Jama'a masu saurare, na Kafin Hausa da Bulangu da Auyo da Haɗejiya, da na sauran garuruwan fadama har zuwa Guri da Kirikasamma, da kuma 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka waɗanda muryar nan take isa gare su.

Mas'alar da za mu duba yau, wanda ya ji sunanta zai zaci ta mutanen Abuja ce da na Yamai, babu ruwan mai noman shinkafa a fadama da ita, alhali kuwa babu wanda ta taɓa tukunyarsa kamar shi. Mas'alar ita ce zaman da ke tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma da ƙungiyar da suka kafa da hannunsu, wadda muke kira ECOWAS, mutanen Nijar kuma suke kira CEDEAO. Ran 29 ga Janairu 2025 fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga cikinta ta tabbata, bayan cikar shekara guda da sanarwar da suka bayar, kamar yadda ƙa'idar ƙungiyar ta sharɗanta, sai ƙasashe 15 suka koma 12. Ya wajaba a gare mu, mu da iyakar Nijar ba ta fi tafiyar hantsi a mota daga ƙofar gidanmu ba, mu tsaya mu auna yadda aka yi aka kai ga haka, ba don neman wanda za a zaga ba, sai don mu san abin da za mu nema daga waɗanda muka wakilta.

Asalin ƙungiyar sananne ne. Ran 28 ga Mayu 1975 aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kafa ta a birnin Ikko, bayan Janar Yakubu Gowon na Nijeriya da Janar Eyadema na Togo sun ɗauki lokaci suna neman yardar sauran shugabanni. Nijeriya a sa'an nan ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, ta kuwa fito da darasi mai ɗaci game da maƙwabta, gama ta ga wadda ta goyi bayan 'yan aware, ta kuma ga wadda ta tsaya mata tsayin daka, watau Nijar ta zamanin Shugaba Diori Hamani. Abin da aka nufa da farko ciniki ne da zirga-zirga, ba siyasa ba. Saboda haka a shekarar 1979, a Dakar, aka ƙulla alƙawarin da ya fi kowane amfani ga talaka, cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana da ikon shiga 'yar'uwarta ba da biza ba, ya zauna har kwana 90. Daga baya, a 1998, aka ƙara da na makiyaya, wanda ya halatta musu ƙetare iyaka da dabbobinsu in suna riƙe da takardar shaida.

To, a nan sai mu lura da wani abu. Iyakar nan da ta raba Gumel da Damagaram, ta raba Daura da Magarya, ta raba Katsina da Maraɗi, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan takarda, suka zo suka kafa mata alamomi tsakanin 1906 da 1908, ba tare da an shawarci wanda gonarsa ko dangin uwarsa suka faɗa wancan gefe ba. Ashe alƙawarin Dakar ba kyauta ya yi mana ba, haƙƙinmu na asali ya mayar mana. Wanda ya taɓa zuwa Maigatari ranar Alhamis, ya ga shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna kwararowa daga arewa, ya ga gero da dawa da masara da kayan masarufi suna haurawa, ya ji dillalai suna ciniki da naira da sefa a baki ɗaya, ya san cewa wannan mu'amala ta girmi ƙungiyar, ta girmi ƙasashen da suka kafa ta, kuma iyakar abin da hukuma za ta iya yi mata shi ne ta sauƙaƙa ta ko ta tsananta ta.

Da yake mun zo da niyyar faɗin gaskiya, sai mu fara da gida. Nijeriya ita ce babba a wannan ƙungiya: fiye da rabin mutanen yankin 'ya'yanta ne, hedkwatar ƙungiyar tana Abuja, kuma sa'ad da wuta ta kama a Laberiya a ƙarshen 1989, da kuma Saliyo bayanta, jinin sojanta da dukiyar baitulmalinta ne suka fi zuba a rundunar ƙungiyar, ECOMOG. Wannan alheri ne da ba mai musun sa. Amma babban nan shi ne kuma wanda ya fi kowa saurin ajiye alƙawari idan ya matsu. A farkon 1983, alƙawarin Dakar bai cika shekara huɗu ba, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya cikin 'yan makonni, mafi yawansu mutanen Gana, da na Nijar da yawa a cikinsu. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986, rufewar kuwa ta yi daidai da babban fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan El-Buhari. A watan Agusta 2019 aka sake rufewa, aka shekara da watanni, sai a Disamba 2020 aka buɗe mashigai huɗu, Maigatari tana cikinsu.

Ba zan ɓoye ba, rufewar 2019 ta yi wa manoman fadamarmu rana. Shinkafar gida ta yi daraja, masu sussuka da masu casa da masu turara ta suka ga kuɗi, matasa da yawa suka koma gona. Kuma Nijeriya tana da hujja, domin ƙa'idar ƙungiya ta yafe kuɗin fito ne ga abin da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin, ba ga shinkafar Asiya da ake saukewa a tashar Kwatano, a bi da ita ta Benin da Nijar, a shigo da ita ta barauniyar hanya ba. Maƙwabcin da ya mai da ƙasarsa zauren fasa-ƙwauri shi ma ya ci amana. Sai dai ƙungiyar tana da majalisa, tana da kotu, tana da taron shugabanni, an kuwa kafa su ne domin irin wannan ƙara. Idan babba ya tsallake su duka ya ɗauki hukunci da hannunsa, alhali shi ne ya kamata ya zama abin koyi wajen girmama su, to, ya koya wa ƙanana cewa alƙawarin ƙungiya abu ne da ake riƙewa ranar da ya yi daɗi, a saki ranar da ya yi nauyi.

Sannu a hankali ƙungiyar ciniki ta zama ta siyasa. An sabunta yarjejeniyarta a Kwatano a 1993, sa'an nan a Disamba 2001 aka amince da ƙa'idar da ta haramta hawa mulki ta kowace hanya in ba ta zaɓe ba. Ƙa'ida ce mai kyau, ta kuwa yi aiki a wasu wurare. Da Shugaba Mamadu Tanja ya nemi tazarce a 2009, ƙungiyar ta dakatar da Nijar, ko da yake farar hula ne. Da Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe a Gambiya, ta tilasta masa tafiya a Janairu 2017 ba tare da yaƙi ba. Amma a 2015, da aka kawo shawarar a taƙaita mulkin kowane shugaba ga wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka bar maganar. A 2020 shugabannin Gini da Kodibuwa suka zarce wa'adi na uku, mutane suka mutu a tituna, ƙungiyar ba ta ɗaga murya yadda za a ji ba. Alƙalin da ya yi shiru ga wanda ya karya doka da alƙalami, sa'an nan ya zare takobi ga wanda ya karya ta da bindiga, ko da hukuncinsa na biyu daidai ne, jama'a ba za su karɓe shi da natsuwar zuciya ba. Wannan rauni shi sojojin Mali da Gini da Burkina Faso suka tarar a jikin ƙungiyar tsakanin 2020 da 2022, suka kuwa yi amfani da shi.

Sai ga Nijar. Ran 26 ga Yuli 2023 dogaran fadar Shugaba Muhammad Bazum suka tsare shi, Janar Abdurrahman Tiani ya hau. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ƙungiyar suka taru a Abuja, Shugaba Bola Tinubu yana jagorancinsu, suka ba da wa'adin mako guda, suka ambaci yaƙi, suka rufe iyakoki, suka tsai da mu'amalar kuɗi. Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan abin da ƙasar take amfani da shi. Ni ban ga halacci ga abin da sojojin suka aikata ba, ban kuma ga adalci ga tsare mutum shekara da shekaru ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, balle kotun ƙungiyar ta yi hukunci tun Disamba 2023 a sake shi. Amma mu tambayi kanmu, ukubar nan a kan wa ta sauka? Janar ba ya kwana cikin duhu. Wanda ya kwana cikin duhu shi ne majinyaci a asibitin Damagaram, da tela, da mai injin niƙa. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. Magani ya yi wuya a can, dabba ta yi tsada a nan. Ɗan dako da direba da mai sayar da abinci a tasha, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su suka biya tarar laifin da ba su yi ba. Shari'armu kuwa ba ta yarda a kama wani da laifin wani ba, kuma malaman usulu sun daɗe da karantar da mu cewa ba a gusar da ɓarna da ɓarnar da ta fi ta.

Abin da ya hana wutar nan ci, mu faɗa don a riƙe, ba daga ofisoshin ƙungiyar ya fito ba. Jihohi bakwai ne na Nijeriya suke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, Jigawa tana tsakiyarsu, mutanensu kuwa suka ce ba su yarda a yaƙi 'yan'uwansu ba. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan ɗaukar makami. Janar Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka yi ta kai da kawowa. Malam Muhammadu Sanusi na Biyu ya shiga wurin Janar Tiani tare da Sarkin Damagaram. Ayarin malamai ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau suka bi baya. Rawani da carbi suka buɗe ƙofar da wa'adi ya kasa buɗewa. Da aka janye takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, bayan kiran da dattijo Gowon ya yi, bakin alƙalami ya riga ya bushe: ƙasashen uku sun kafa ƙawancensu na Sahel tun Satumba 2023, sun kuma ba da sanarwar fita tun 28 ga Janairu.

Mu mutanen ƙasar Haɗejiya bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba, domin kakanninmu sun ga irinsa. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka sami saɓani tsakanin Sakkwato da Sarkin Haɗejiya Buhari ɗan Sambo. Aka kira shi bai amsa ba, aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo ya karɓe garin da ƙarfi. Aka tara masa rundunar sarakuna, aka yi gamo a Kaffur, nan cikin ƙasarmu, rundunar ta watse. Ba ina daidaita al'amuran biyu ba ne, gama waccan mubaya'a ce ga shugaba guda, wannan kuwa alƙawari ne tsakanin tsararraki. Abin lura dai shi ne yadda ta ƙare. Ƙarfin taron dangi bai mai da Haɗejiya cikin jama'a ba. Keɓewar Haɗejiya kuma ba ta haifar wa talakawan gabas da komai ba sai shekaru na hari da gudun hijira da ƙauyuka kufai. Sai bayan rasuwar Buhari a 1863 aka koma aka daidaita da Sakkwato, ta hanyar sulhu, wanda da an same shi tun farko da rayuka masu yawa sun tsira. Wanda ya ce a tilasta, da wanda ya ce a fita, kowannensu yana da abin karantawa a Kaffur.

Ga masu murnar fita kuwa, ina roƙon su duba abin da fitar ba ta canja ba. Ƙasashen uku ba su da teku, ba su kuwa same shi ba ranar da suka fita. Sun bar ECOWAS amma suna nan cikin ƙungiyar kuɗin sefa tare da Senegal da Benin da Kodibuwa. Tun kafin ranar rabuwa suka shelanta cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba da biza ba, ECOWAS ita ma ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun mutanensu da hajarsu har zuwa wani lokaci. Watau ɓangarorin biyu sun yi ikirari da bakinsu cewa alƙawarin Dakar ya fi ƙarfin fushinsu. Sai dai abin da a da haƙƙi ne rubutacce, wanda ɗan kasuwa zai iya kafa hujja da shi a gaban ma'aikacin kan iyaka, yanzu ya zama alfarma, alfarma kuwa wanda ya ba da ita da safe yana iya janye ta da maraice. Wannan ita ce hasarar da ta fi damuna, ita ce kuma ba a cika ambatonta ba.

Akwai kuma wani abu wanda ba ya jiran taron shugabanni, shi ne ruwa. Kogin nan da muke sha, muke noma, muke kamun kifi a cikinsa, daga ƙasar Kano ya taso, ya ratso mu ya rarrabu, reshe guda ma sunan Kafin Hausa yake ɗauke da shi, ya haɗu da na Jama'are kafin Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, can ƙasa kuma ya zama shi ne iyakar Nijeriya da Nijar a yankin Difa, har ya faɗa Tafkin Cadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, mun san abin da ake nufi da zama a ƙarƙashin wani: ambaliyar da take rayar da fadama ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wata shekara a rasa, wata shekara a sako shi ya ci gonaki da gidaje. Yadda muke kukan na samanmu, haka mai noman tattasai a Difa yake kukan mu. A kogin Kwara kuwa al'amarin ya juya, Nijar ce a sama, madatsar Kainji tana ƙasa, Nijar kuma tana gina tata a Kandaji. Wutar da aka yanke a 2023 tana daga cikin abin da ya daɗe yana ɗaure fahimtar juna tsakanin ƙasashen biyu a kan ruwan kogin, shi ya sa yanke ta ya zama wasa da abin da ba a wasa da shi. Fikihunmu na Malikiyya ya warware wannan mas'ala tun da daɗewa: na sama yana da ikon ya fara shayar da shukarsa gwargwadon buƙata, amma ba shi da ikon ya riƙe ruwan bayan haka, wajibi ne ya sake wa na ƙasa. Ma'anar wannan hukunci ita ce aka rubuta da harshen zamani a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, inda Nijeriya da Nijar suka amince da raba ruwan kogunan da suka yi tarayya a kansu bisa adalci, Komadugu Yobe yana ciki.

Alhamdu lillahi, ba duka igiyoyin aka tsinke ba. Hukumar Tafkin Cadi, wadda aka kafa a 1964, tana nan da Nijeriya da Nijar a cikinta. Hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971 da mazauninta a Yamai, ita ma tana nan, a Afrilu 2025 kuma ministocin harkokin waje na ƙasashen biyu sun zauna a Yamai sun yi alƙawarin farfaɗo da ita. Layin dogo da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, da reshensa zuwa Dutse, ba a fasa shi ba. Abin da nake nema daga 'yan majalisarmu na tarayya, da gwamnatin Jigawa, da iyayenmu sarakunan Haɗejiya da Gumel, shi ne su dage a kan sharaɗi guda a cikin duk wata yarjejeniya da za a ƙulla da ƙasashen da suka fita, su kuma nemi a shigar da irinsa cikin dokar ECOWAS kanta domin ƙasashe 12 da suka rage: cewa duk saɓanin da zai auku tsakanin masu mulki, ko a kan juyin mulki ne ko a kan tazarce ko a kan fasa-ƙwauri, ukubarsa ta tsaya a kan masu mulkin, a hana su tafiya, a riƙe dukiyarsu, a hana su kujera a taro, amma kada hannu ya kai ga hanyar abinci da magani, ko burtalin makiyayi, ko wuta, ko ruwa. A rubuta shi da lafazi bayyananne, a sa wa wanda ya keta shi tara ko da Nijeriya ce, a kuma ba ɗan kasuwar Maigatari da manomin Komadugu ikon kai ƙara a kansa gaban kotu.